Lissafin Kano zuwa Guanzhu da ya cinye mini kasuwar Salla

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba wanda ya cuce ni, da hannuna na yi wa kaina.

Tafiyata ta farko ce zuwa Sin saro takalma. Kafin na tashi na duba a waya, na ga tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Baiyun a Guanzhu kusan kilomita 11,000 ne. Mu 'yan kasuwa ba mu da aiki sai lissafi: jirgi na cin kamar kilomita 900 a awa, ke nan awa sha biyu da ɗoriya. Na san za mu yada zango a Adis Ababa, na ƙara awannin jira. Tashi Talata da azahar, sauka Laraba da hantsi. Nan take na kira dillalina na ce ya riƙe mini wuri a kwantenar da za a rufe ranar Laraba da rana, ni da kaina zan duba kayan kafin a loda.

Kilomitocin nan ba su yi mini ƙarya ba. Kano zuwa Adis wajen 3,300, Adis zuwa Guanzhu wajen 8,000, awa goma cur a zaune har ƙafafuna suka kumbura, takalmin da na cire ya ƙi shiga. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne agogo. Habasha ta riga mu da awa biyu, Sin kuma da awa bakwai. Awa bakwai! Lokacin sauka yana nan ɓaro-ɓaro a jikin tikitin, da agogon can, ni kuwa lokacin tashi kawai na kalla.

A sama na fara shan jinin jikina. Ban daɗe da yin barci ba na ɗaga labulen taga, sai ga rana tarwai, agogon hannuna kuwa bai kai asuba ba. Wani dattijo ɗan Kwari da ke kusa da ni ya ga ina ta duba agogo, ya ce, "Yaro, gabas muke yi, rana muke tara. Ka yi sallarka tun wuri." Da na gaya masa alƙawarin da na ɗauka, shiru ya yi, sannan ya ce, "Allah ya kyauta."

Ƙarfe uku da rabi na yamma muka sauka. Kafin a buga mini fasfo in ɗauki jaka, an rufe kwantena an tafi da ita. Dillalin ba shi da laifi, ni na hana a loda sai na gani. Kayana suka jira jirgin ruwa na gaba, shi kuma sai ya haura wata guda kafin ya iso Legas. Takalman Salla suka shigo Kano bayan Salla, na karyar da su.

Yanzu in ƙanena zai tafi, tikitin nake karɓa in sa masa yatsa a kan lokacin sauka da ranar, in sa ya karanta da ƙarfi. Kuma ba na yarda a sa wani alƙawari ranar isowa, ko na cin abinci ne. Wata ran ya yi dariya ya ce, "Yaya, awa bakwai ɗin nan dai ba za ka manta ba?" Na ce ya je ya ƙirga takalman da suka rage a sito.