Na Je Bikin Masu Binciken Bala'i a Delaware

Tun a filin jirgi aka fara gwada haƙurina. Jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni Amurka, na ce taron cika shekara 60 na wata cibiyar binciken bala'o'i. Ya yamutsa fuska ya ce, "Bala'i ake yi wa biki?" Ya turo mini fasfon ko kallona bai yi ba. Raina ya ɓaci, na dai haɗiye.

Saura kaɗan kuma in ɓata hanya. Ashe Newark ba ɗaya ba ce, babbar tana jihar New Jersey, wadda nake nema ƙarama ce a jihar Delaware. Wata dattijuwa ce ta ji ina tambaya a tashar jirgin ƙasa, ta bar layinta ta raka ni har inda zan hau. Allah ya saka mata da alheri.

Cibiyar ta Jami'ar Delaware ce, amma a Jami'ar Jihar Ohayo aka kafa ta a 1963. Malamai uku ne suka assasa ta, Quarantelli da Dynes da Haas, kafin ta yi ƙaura a 1985. Aikinsu shi ne da zarar masifa ta auku su garzaya wurin, su zauna da waɗanda abin ya shafa, su rubuta abin da suka gani. Haka suka yi bayan girgizar ƙasar Alaska ta 1964. Abin da suka yi ta tararwa ya saɓa wa zaton hukumomi: galibi mutane ba sa ruɗewa, wawashe dukiya ba ta kai yadda ake yayatawa ba, kuma maƙwabci ne ke fara ciro maƙwabcinsa kafin motar ceto ta iso.

Ina zaune ina jin wannan, hankalina ya koma gida Najeriya, ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600. Na tuna masu kwalekwale da suka kwana suna kwashe tsofaffi da yara. Wa ya rubuta sunayensu? Da aka shiga da mu ɗakin ajiyar takardun cibiyar, na buɗe wani tsohon rahoto da aka buga da tafireta, takardar har ta yi ja, amma maganar mutanen na nan daram. Sai da na share ƙwalla.

Tsada kuwa ba a magana. Delaware ba ta karɓar harajin sayayya, na yi murna, sai ga al'adar ba ma'aikacin gidan abinci tukuici, kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin. Amma sun iya girmama lokaci, ƙarfe tara ƙarfe tara ne, kuma farfesa mai furfura shi ke ɗaukar kujerarsa.

Ranar ƙarshe aka yi hotuna, muka yi musayar lambobi. Na dawo da mura da jaka cike da takardu.