Ranar da na'urar ribas ta kusa cin hannuna

Ina wata na biyar da fara koyon gyaran jirage aka sa mu duba na'urar ribas ta wani Boeing 737, wato na'urar da ke taimaka wa jirgi rage gudu idan ya sauka. Mutane da yawa na zaton injin ne ke juyawa da baya idan jirgi ya sauka. A'a, murfin bayan injin ne ke zamewa, wasu ƙyamare su tare iskar da babbar farfela ke turowa, ta fita ta wata ragar ƙarfe ta nufi gaba. Rugugin nan da fasinja ke ji da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, daga nan yake.

Murfin na buɗe, na hango wani noti kamar ya yi sako-sako, na zura hannu har gwiwa. Sai na ji an fizgo ni ta wuyan riga.

"Kai yaro, ina fil ɗin?"

"Ga shi, Oga."

Yana aljihuna, da jan ƙyallensa. Fil ɗin da ke kulle hanyar man haidurolik ke nan, ban sa shi ba. Oga bai yi faɗa ba. Ya sa kowa ya ja da baya, ya ce wa na ɗakin matuƙi ya rufe. Kafin in haɗiye yawu murfin ya koma mazauninsa, ya datse daidai inda hannuna yake ɗazu. Injin ma a kashe yake fa. Man nan na tura ƙarfe da nauyin fam 3,000 a kan kowane inci murabba'i, ƙashin mutum bai kai ya tsayar da shi ba. Gwiwoyina suka yi sanyi, na zauna a ƙasa.

Da dare Oga ya ba ni labarin jirgin Lauda Air, Boeing 767, da ya tashi daga Bankok ranar 26 ga Mayu, 1991. Ribas ɗin injin hagu ya buɗe yana tsakar hawa sama, jirgin ya kife ya tarwatse, mutum 223 suka rasu. Bayan haka ne aka ƙara wa irin waɗannan injuna wani makulli. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga makanike na ɗaukar duba makullan nan a matsayin cika takarda.

Yau ko wa ya ce mini ya sa fil, sai na je na gani da idona, na ja ƙyallen na ji shi daram, sannan na naɗe hannun riga.