Ranar da silin falon Hajiya ya faɗo

Har yau idan na shiga falon Hajiya, idona kusurwar gabas yake fara zuwa, wajen da silin ya ɓalle ya faɗo kan kujera mai zaman uku wata Asabar cikin watan Yuni. Allah ya tsare, babu kowa a kai. Minti goma kafin nan jikokinta biyu suna kwance a wurin suna kallon katun. Duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, domin na san ba tsautsayi ne kawai ba, da hannuna a ciki.

Gidan namu a Apapa yake. Wani kamfanin Turawa ne ya gina wa ma'aikatansa a shekarun 1970, marigayi Baba ya saya lokacin da harkar tireloli ta karɓe shi. Irin gidajen nan ne masu AC na tsakiya: inji guda, sai bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya bi ta cikin rufi ya rarraba sanyi zuwa ɗakuna. Injin an canza shi sau biyu a sanina, amma bututun babu wanda ya taɓa leƙa shi tun ina yaro. Da Baba ya rasu kula da gidan ya dawo kaina, don ni kaɗai ne na rage a Legas cikin maza.

Wari ne ya fara damunmu. Da an kunna AC sai falon ya ɗauki wari irin na wankin da aka manta a bokiti kwana uku. Ragar da sanyi ke fitowa ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, a goge yau, bayan sati ya dawo. Hajiya kuma ga tari da asuba. Ana cikin haka aka sa ranar bikin autarmu a ƙarshen Janairu, za a cika gida da baƙi daga Kano da Katsina, sai na ce bari a wanke bututun gaba ɗaya.

Wankin kansa ba ni da abin cewa a kai. Yara huɗu suka zo da babban injin zuƙar ƙura da burushi mai dogon hannu, suka yi kwana biyu. Abin da ya fito sai wanda ya gani: ƙura buhu-buhu, mushen ɓera, ƙwan tsaka, har da guntun jarida na zamanin Shagari. Suka wanke injin ma, sanyi ya dawo kamar sabo.

A rana ta biyu shugabansu ya kira ni na hau tsani na leƙa cikin rufi. Bututun a naɗe yake da wata rawayar auduga ta gilashi, an rufe ta da takardar alminiyom. Takardar duk ta yayyage, ɓeraye sun yi gida a ciki, audugar ta yi baƙi ƙirin da funfuna. Ya ce wannan ba ta wankuwa, sai dai a cire a zubar. Gaskiya ya faɗa, na ce a cire. Sai ya ƙara da cewa dole a naɗe bututun da sabon abu, ya ba ni lissafin naira 480,000.

A lokacin ina fama da kayan ɗaki da gara da kuɗin motar 'yan kai amarya. Na dubi bututun, ga shi tsirara, yana ta ƙyalli, tsaf da shi. Na ce a raina, wannan dai neman ƙarin ciniki ne irin na Legas. Na ce masa a bar shi tukuna sai bayan biki. Ya ce, "Oga, ruwa zai zubo fa." Na yi dariya na ce ruwa daga ina, ana tsakiyar hunturu?

Da ma a nan na tsaya. A satin na kawo masu POP suka yi wa falon sabon silin, da fitilu a kewaye. Akwai 'yar ƙofa a tsohon silin da ake bi a shiga rufi. Mai aikin ya tambaye ni ko a bar gurbinta, na ce ta ɓata ado, a shafe ta. Da bakina na faɗa.

Aka yi biki lafiya. Baƙi suna ta yaba sanyin gidan, Yaya da ya zo daga Kano har yana cewa ashe na iya riƙon gida. Fabrairu ta wuce babu komai. Abin da ban gane ba shi ne, hunturun Legas duk da bai kai na Arewa ba, yana busar da iska daidai yadda zai ɓoye irin wannan ɓarna. Da ruwan farko ya sauka, zuwa Afrilu, sai ga wani tabo ruwan ƙasa a sabon silin, faɗinsa kamar faranti.

Duk wanda ya ga tabo a silin da damina, kwano zai zarga. Na kira mai rufi, ya hau, ya sauko ya ce ƙusoshi sun yi tsatsa. Ya canza kwano shida, ya liƙe sauran da kwalta, na biya. Tabon ya zama kamar tire. Na kira wani, shi kuma ya ce indararo ne ya toshe, ruwa na komawa baya. Ya gyara, na biya. Ba zan ce sun cuce ni ba, tsohon rufi idan ka neme shi da laifi ba za ka rasa ba. Amma babu ɗayansu da ya shiga cikin rufin, don ƙofar da za su bi ni na sa aka shafe.

Hajiya ce ta fara gano bakin zaren, kuma ban saurare ta ba. Wata rana bayan la'asar ta ce mini, "Kai, wannan ɗigon fa jiya ba a yi ruwa ba amma ya wuni yana zuba. Shekaranjiya da aka kwana ana ruwa babu wuta, ko ɗigo ɗaya ban ji ba." Na ce, "Hajiya, me ya haɗa NEPA da yoyo?" Ta ce to, ita dai abin da ta gani ke nan. Bayan sati biyu silin ya faɗo.

Da na ɗaga kai ta ramin, bututun na gani yana tsiyaya. Duk jikinsa raɓa ce, ɗigo-ɗigo, suna haɗuwa suna gangarowa zuwa gwiwar da ta fi ƙasa, daidai saman kujerar. Katakon da ke riƙe da silin ya jiƙe ya yi laushi, yatsa na shiga. Kwanon da na biya aka gyara sau biyu kuwa a bushe yake ƙayau.

Wani abokin Baba a masallaci ya haɗa ni da wani dattijo Bayarabe da ya shafe shekaru yana kula da AC a manyan otal. A Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa kamar jakin Kano. Ya hau tsani, ya shafa bututun, ya sauko ya nuna mini tafin hannunsa jiƙe sharkaf. Ya ce, "Ɗana, wa ya tuɓe wa wannan riga?" Na ce ni ne, Baba. Bai ce komai ba, ya dai girgiza kai, kuma wannan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Bayaninsa gajere ne. Iskar da ke bin bututun tana fitowa daga inji da sanyin digiri 13 zuwa 14. Iskar Legas da damina kuwa danshinta yakan haura kashi 80 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da wajen digiri 24 sai ya yi gumi, kamar ledar fiya wata da aka fito da ita daga firij. To ni na shimfiɗa ledar fiya wata mai tsawon kusan mita ashirin a saman sabon silin, ina kunna ta kullum. Har ya ƙara da cewa wanke injin da aka yi ya sa iskar ta fi da sanyi, gumin ya ƙaru. Waccan tsohuwar audugar da nake ƙyama, duk da ruɓewarta, ita ce ta riƙe gidan shekara da shekaru. Cire ta daidai ne. Barin wurin haka shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Aikinsa ya ɗauki kusan sati uku, rabin kwanakin kuma jira ne. Ya hana a kunna AC, ya sa fanka biyu a cikin rufin sai da katako ya bushe. Gwiwar da ruwa ke taruwa ta ci tsatsa har ta huje, aka yanke ta aka ƙera sabuwa. Ya ce iskar gishirin da ke tasowa daga teku ba ta raga wa ƙarfe a Apapa, balle an haɗa mata da ruwa. Da na ba shi labarin ruwan bilic da na sa yara suka riƙa fesawa ta raga don kashe wari, sai ya ce in daina, yana cinye rufin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, kuma muddin akwai laima funfuna za ta dawo ko da me aka fesa.

Wani abu da ya burge ni, turaren tsinke ya nema a wajen Hajiya. Ya kunna fankar injin kaɗai, ya riƙa bin mahaɗar bututun ɗaya bayan ɗaya da turaren. Inda hayaƙin ya watse, iska na fita. Inda hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ciki, nan ne babbar matsala, domin ɓangaren da ke mayar da iska zuwa inji yana zuƙo zafi da laima da ƙurar cikin rufi yana watsa mana a ɗaki. Mun samu irin wannan wuri bakwai. Wato ko da na wanke bututun sau goma, warin zai dawo. Ya toshe su da wani gam mai kauri da ake shafawa da burushi. Ya ce salatif na ƙyalle ba ya shekara a zafin rufi, ɓanɓarewa yake.

Sannan aka zo naɗi. Baƙar roba ce mai kaurin inci ɗaya wadda ba ta shan ruwa, ba auduga ba. A nan na ga tsanani. Duk mahaɗa sai an shafa gam an matse, har ƙarƙashin ƙarafan da bututun ke rataye a kai. Yaronsa ya bar wani gurbi da bai fi faɗin yatsa ba a bayan wata gwiwa, dattijon ya sa aka kwance wajen aka sake. Ya ce laima ba ta buƙatar ƙofa, tsaga ta ishe ta, kuma idan ta shiga ƙarƙashin roba ba mai gani sai ƙarfe ya ruɓe.

Ƙananan abubuwa ma sun fito. Bututun da ke fitar da ruwa daga injin ya cushe da wani abu mai yauƙi, aka busa shi aka gyara masa gangara. Ɗakuna biyu da ba kowa, Hajiya ta sa an toshe ragarsu da kwali don a rage shan wuta. Dattijon ya ce a cire, toshewar na matse iska, tana sa bututun ya ƙara sanyi, mahaɗu su ƙara yoyo. Ya kuma hana mu sa AC a digiri 18 ɗin da muka saba, ya ce a bar shi a 24. A ɗakunan kwana har yanzu tsohon silin asbestos ne. Na ce a yanka sabuwar ƙofa a nan, ya ƙi fur, ya ce ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita. A sabon POP ɗin falo aka buɗe ta, daidai inda na sa aka shafe ta farko.

Kuɗin da na ƙi biya a Janairu, na biya shi da ƙari a Yuli, don kaya sun tashi. A kansa ga masu rufi biyu, ga POP karo na biyu, ga katako, ga kujera da kafet. Da na haɗa lissafi ya haura ninki huɗu. Ban ma sa kuɗin wuta ba. Layinmu yana Band A, wato rukunin da ya fi tsadar kuɗin wuta, tun Afrilun 2024 da aka kai shi naira 225 kowane yunit muke kuka, ashe wata biyar na yi ina sanyaya wa tsaka da ɓeraye cikin rufi da ƙarfe tsirara a ƙarƙashin kwano mai zafi.

Yaya ya ce tun farko da na cire tarkacen nan na sa ƙananan AC na bango ɗaki-ɗaki. Ban ce bai da gaskiya ba. A ɓangaren baƙi haka muka yi daga baya, aka yanke reshen bututun aka toshe bakinsa biyu da ƙarfe, don in an bar shi a buɗe gidan kyankyaso zai zama. Amma falo da ɗakin Hajiya mun bar su, ita ba ta son iskar da ke hura mutum kai tsaye, ta ce tana tayar mata da ciwon ƙafa.

Wani maƙwabcinmu mai irin gidanmu ya zo yana tambaya ta lambar masu wankin. Na ba shi, amma sai da na zaunar da shi. Na ce kafin ya biya ko kwabo ya hau da kansa da tocila ya ga rigar bututun. In ta lalace, kuɗin cirewa da kuɗin naɗi abu ɗaya ne, in ba shi da na biyun kada ya fara na farkon. In kuma dole ta sa an cire, to AC ya zauna a kashe har a naɗe. Kada ya yarda da aikin da aka gwada da hunturu, sai ya ga Yuni da Yuli sun wuce a kansa. Ƙofar silin kuwa ko ta yi muni kamar me ya bar ta. Ya ce zai duba, amma na ga idonsa a kan lissafin kuɗin yake, kamar yadda nawa ya kasance.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko nakan ɗauko tsani in leƙa, in shafa gwiwar nan da bayan hannu. Tarin Hajiya ya yi sauƙi, warin ya tafi. Kujerar kuwa da aka kawo sabuwa ta ƙi a mayar da ita kusurwar gabas, ta sa an ajiye ta jikin taga, kuma duk jikan da ya kwanta a tsohon wurin sai ta tashe shi.