Da gida mai taya, daga Marwa zuwa Ennedi

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu Marwa, garinmu a arewacin Kamaru, har yanzu in na karkaɗe riga sai yashi ya zubo. Kawuna ne ya sayi motar hannun wani Bature da ya gama yawonsa zai koma ƙasarsu. Ƙatuwa ce mai ja da ƙafa huɗu, an gina mata ɗaki a baya, ga gado biyu, ga murhun gas, ga ɗan firiji mai aiki da hasken rana, har da makewayi. Masu Faransanci suna ce mata kamfin-kar, mu muka sa mata gida mai taya. Kawu ya ce, "Ɗana, kai ka san inji, kai za ka ja mu Ennedi." Na ce to. Ennedi kuwa yankin duwatsu ne a hamadar arewa maso gabashin Chadi.

Muka haye gadar Ngeli daga Kusiri, muka yi kwana biyu a Injamena ana haɗa takardu, sannan muka kama kwaltar Abeshe. Wajen Bitkin da Mongo duwatsun Gera suka taso mana, na dinga tuna dutsen Mindif na gida.

A wani shinge ne raina ya ɓaci. Jami'in ko kallon takardu bai yi ba, ya hau cikin ɗakin da takalminsa, ya taka dardumar sallar Kawu, ya buɗe firiji ya ɗauki ruwa ya sha, babu sallama babu na gode. Dattijo mai furfura yana tsaye a rana! A Marwa ko wanda zai karɓi kuɗinka yakan fara da gaisuwa. Kawu ya riƙe min hannu ya ce in yi shiru, na yi, amma har gobe abin yana ci na.

Kasuwar Abeshe ta wanke min zuciya. Na tambayi wata mai dabino, ta ce "miya", wato ɗari da Larabci. Na miƙa sefa 100, ta yi dariya har da tafawa. Ashe riyal ɗari take nufi, riyal kuma sefa 5 ne, daidai da dalarmu, dala ɗari ke nan. Da ta ga na gane sai ta ƙara min gyara cike da tafi biyu. Nama a can araha, mai kuwa sai ka dafe ƙirji. A Kalayit, bayan Biltin da Arada, a duro ake sayar da gazuwal, wato man dizal, sai ka tace da ƙyalle kafin ka zuba. Nan muka ɗauki ɗan jagora Bagorane, wato ɗan ƙabilar Gorane ta yankin, kuma duk wanda ya ce zai shiga wannan ƙasa ba jagora, ransa ne bai so.

Daga nan gidanmu ya zama kaya. Nauyinsa ya yi wa yashi yawa. Mu rage iskar taya, mu haƙa, mu shimfiɗa faranten ƙarfe, mu matsa kaɗan, mu sake nutsewa. Wanka Kawu ya hana tun ranar farko, alwala ma da ɗan kofi. Wata la'asar da muka kafe har gindin mota, sai ga wani tsoho mai raƙuma da 'ya'yansa biyu. Suka haƙa da hannu har magariba. Ya kai mu bukkarsa ta tabarma, ya kawo nonon raƙuma, ya yanka akuya, aka ɗora jan shayi mai sukari kamar zuma. Kawu ya ciro kuɗi, tsohon ya ɓata fuska ya tura hannunsa baya. Sukari da ganyen shayi kaɗai ya yarda ya karɓa. Da sanyin hunturu ya sauko Kawu ya roƙe shi ya kwana a gadon mota. Ya leƙa, ya shafa katifa, ya ce ta bakin jagora ba ya iya barci inda ba ya jin motsin raƙumansa. Tun daga daren nan Kawu ya fito da tabarma da bargo, bai sake kwana ciki ba.

Arshe, wani tafki a cikin duwatsun Ennedi, sai da ƙafa. Muka hau dutse muka leƙa kwazazzabo: raƙuma ɗaruruwa cikin baƙin ruwa, kukansu yana amsawa a bangon dutse. Jagora ya nuna mana kada guda kwance a bakin ruwan, kada a tsakiyar Sahara! A kogon Terkei muka ga zanen shanu da mahaya dawaki da jar ƙasa, a inda yau saniya ba za ta yi mako ba. Ba mamaki UNESCO ta sa Ennedi cikin kayan tarihin duniya a 2016. Na tashi ina alfahari da duwatsun Rumsiki na ƙasarmu, kuma ina nan a kai, amma bakan dutsen Aloba, mai tsayin kusan mita 120, ya sa na cire hula.

A garin Fada muka cika tankin ruwa. Tafkunan Uniyanga 18 ne, biyu muka gani, iska ta kore mu. A dawowa sifirin na baya ya karye kusa da Arada, muka ɗaure shi da igiya da katako har Abeshe.