Abin da hanyar Maraɗi ta koya mini, da abin da manaja ya ƙi koya

Ƙarshen watan nan zan ajiye makullin motar kamfani. Yaran da za su gaji layin Kano zuwa Maraɗi sun dame ni in rubuta musu wani abu, to ga shi, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Abin da ke ruɗin sabon direba shi ne komai ya yi kama. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, Nijar kuwa dama can a dama take. Ka wuce Katsina, ka wuce Jibiya, ka shiga Ɗan Isa a ƙasar Nijar, Hausar dai ita ce, har tuwon ma ɗaya ne. Sai ka saki jiki, alhali dokar titinsu daga Faransa aka gado ta, tamu daga Ingila. A can, mararrabar da ba fitila ba allo, wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya, ko da ɗan kabu-kabu ne kai kuma kana jan bas cike da fasinja. A Kano mun saba wanda ya fi ƙarfin hon da girman mota shi ke wucewa. Ka kai wannan hali Maraɗi, za ka biya.

Wannan doka na san ta kamar yunwar cikina, kuma ita ta wanke ni ranar da wata ƙaramar mota ta bugi gefen motata a cikin garin Maraɗi. Ni na fito ta damarsa, shi ya kamata ya tsaya. Yaron motata ya ce, "Oga, mu matsa gefe mu sasanta." Na ce kada wanda ya taɓa sitiyari. A can ba a motsa mota sai 'yan sanda sun zo sun yi konsta: su auna, su zana inda kowace taya ta tsaya, su rubuta. Wanda ya janye motarsa kafin su iso ya zubar da hujjarsa da hannunsa. Suka zo, suka auna, suka ɗora laifi a kan mutumin. Sannan ɗaya daga cikinsu ya miƙo hannu ya ce, "Malam, takardu."

Nan aka yi ta. Katin inshorar ECOWAS, wanda ake kira Brown Card, ya ƙare. Katin nan tun 1982 ƙasashen yankin suka amince da shi, don inshorar da ka yanka a gida ta yi maka aiki idan ka yi hatsari a ƙetare. Sabunta shi aikin ofis ne, ba na direba ba. Tun kafin ya ƙare na faɗa wa manaja, na sake faɗa, har na rubuta a littafin ofis. Amsarsa kullum ɗaya: "Kai dai ka tafi, ai Nijar gida ce, ka ba su na goro." Mutumin da bai taɓa tsallaka bodar Magama ba shi ke koya mini yadda ake yi da jandarma.

Aka kai motar furiyar, wurin da hukuma ke tsare motoci, aka kulle. Fasinja na nema musu wata mota da kuɗin aljihuna. Ina kwana a tasha, ina kiran ofis ana ce mini oga yana mitin. Da na dawo Kano da takardar konsta a hannu, wadda ta nuna ƙarara ba ni da laifi, ko buɗe ta bai yi ba. Ya kai wa Alhaji mai kamfani labarin cewa ganganci na yi, aka yanke kuɗin fito da motar daga albashina. Littafin da na rubuta gargaɗin a ciki kuwa, aka ce an neme shi an rasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kira yaron mota ya ba da shaida." Aka ce maganar ta wuce. To, ta wuce a wurinsu.

Tun daga ranar ba na tayar da mota sai na zazzage jakar takardu a kan bonet na duba kwanan wata ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ƙorafin da na kai ofis sai na ɗauki hotonsa a waya. Ana ce mini mai tsirfa. Ba a sake kulle motar da nake ja ba.

Sauran ba su da yawa. Cikin gari 'yan sanda ne, bayan gari jandarma, kuma idan jandarma ya busa usur ka tsaya cak ka gaishe shi. Hayaniyar da muke yi da 'yan KAROTA ba ta ci a can. Takardar shigar mota da 'yan duwan, wato kwastam ɗinsu, suka ba ka a boda tana da wa'adi, ka duba shi. Su har yanzu suna karɓar kuɗin hanya a shinge, mu an rushe namu a 2004, don haka ka riƙe canjin sefa kuma kada ka yar da rasit. Katin allurar shawara ya zauna a aljihu. Da damina, idan an sa shingen ruwan sama a hanyar burji, ka haƙura har a buɗe.

Kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, bayan rufe bodar da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023. Kafin ka tashi, ka tambayi direban da ya dawo jiya irin takardun da ake nema a Ɗan Isa. Kada ka tambayi ofis. Manajan nan yana nan daram a kujerarsa, na ji ma an ƙara masa layin Damagaram.