Tutar da Na Saka Ranar 'Yanci Ba Tamu Ba Ce

A daren 31 ga Disamba, 2023, ina zaune a tsakar gidanmu a Gadarif na tsara gaisuwar zagayowar ranar 'yancin kan ƙasarmu Sudan, da niyyar aika ta zauren WhatsApp na danginmu da zarar gari ya waye. Zauren ya tara mutum fiye da sittin, wasu a Mai Wurno, wasu a Kasala da Bur Sudan, wasu a Jidda da Makka, akwai kuma reshenmu na Kano, jikokin ƙanen kakanmu wanda bai bi ayarin hijira ba. Ni aka ɗora wa kula da zauren, ba don na girmi kowa ba, sai don ni malamin makaranta ne, a wurin dangi kuwa malamin makaranta ba ya kuskure a rubutu.

Lokacin ba na biki ba ne. Mako biyu ke nan da faɗuwar Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a yaƙin basasa, ajujuwan makarantarmu sun cika da mutanen Jazira da suka tsero da abin da hannu zai iya ɗauka, har allon da nake rubutu a kai an ɗaura masa igiyar shanya. Saboda haka na taƙaita. Na rubuta cewa ƙasarmu ta cika shekara 68 da samun 'yanci, Allah ya kawo ƙarshen yaƙi, ya mayar da kowa ɗakinsa. Da asuba na sake karantawa, sai na ga saƙon bai cika ba in babu tuta, na buɗe wurin emoji, na hango tuta mai ratsi uku da alwatika a gefe a layin waɗanda na yi amfani da su kwanan nan, na danna ta sau uku, na aika. Ko minti goma ba a yi ba sabis ya ɗauke.

Sai bayan la'asar ya dawo, saƙonni suka shigo a jere. Wani ɗan'uwanmu na Kano ya yaba mini ƙwarai, yana cewa duk da halin da muke ciki ba mu manta da mutanen Gaza ba. Ban gane inda ya dosa ba sai da na saurari muryar yayata ta Jidda, wadda ta ce cikin dariya, "Ustaz, ko an sauya mana ƙasa ne ba a gaya mana ba?" Tutar Falasɗinu na saka, har guda uku. Dalilin bai da wuyar ganewa, domin tun watan Oktoba ita muke ta aikawa, wayar kuwa abin da ka fi dannawa shi take jawo maka gaba. Amma wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya shekara 14 yana tsayawa a layin safe, yana tsawata wa yara su natsu yayin da ake ɗaga tuta.

A daren na ajiye tutocin biyu kusa da juna na ƙura musu ido. Launukansu ɗaya ne, ja da fari da baƙi da kore, jerin ne ya bambanta. Ta Sudan ja ne a sama, fari a tsakiya, baƙi a ƙasa, alwatikar da ke gefen sanda kuma kore ce. Ta Falasɗinu baƙi ne a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, alwatikarta ja. A bisa sanda, cikin iska, makaho ne kawai zai haɗa su, amma a fuskar waya, inda kowace tuta ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ido fasali kawai yake kamawa. Ga kuma ta Jodan, wadda ƙaramin farin tauraro da faɗin alwatika ne kaɗai suka raba ta da ta Falasɗinu, ga ta Yaman, wadda tamu ce sak in aka cire alwatika. Kamannin ba haɗari ba ne. Ta Falasɗinu da ta Jodan sun samo asali daga tutar tawayen Larabawa na 1916 ƙarƙashin Sharif Husaini na Makka, tamu kuwa ta bi jerin ja da fari da baƙi na juyin juya halin Masar na 1952. An fara ɗaga ta ranar 20 ga Mayu, 1970, shekara guda bayan Ja'afar Numairi ya karɓi mulki, lokacin da gwamnati take son duniya ta gan ta a sahun ƙasashen Larabawa.

Abin da muke koya wa ɗalibai game da launukan layi huɗu ne: ja jinin shahidai ne da gwagwarmaya, fari zaman lafiya, baƙi sunan ƙasar kanta, wato ƙasar baƙaƙe, kore kuma noma da Musulunci. Na sha faɗa musu wannan kamar karatun hadda. Sai a makon nan, da kunya ta sa na koma littattafai, biyu daga cikin launukan suka yi mini magana dabam. Baƙin yana tuna baƙar tutar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, wadda aka ɗaga a yaƙin Karari a 1898. Mutanen nan suna kiran ta Raya Zarƙa, domin a Larabcin Sudan baƙi ake ce wa azraƙ, kalmar da a wasu ƙasashe shuɗi take nufi. Farin kuma yana tuna Ƙungiyar Farar Tuta ta 1924 da shugabanta Ali Abdullaɗif, hafsan soja wanda mahaifinsa mutumin Nuba ne, mahaifiyarsa 'yar Dinka. Da ya tashi yana magana da sunan al'umma, wata jaridar zamanin ta tambaya wane ne shi, ɗan wace ƙabila ce da har zai yi magana da yawun Sudan. Na daɗe a kan wannan shafi, domin tambaya ce da kowane Bahaushen ƙasar nan ya sani, ko a ofishin yin takardar ɗan ƙasa, ko a bakin wanda rigimar gona ta haɗa ku.

Kawuna na Mai Wurno, wanda ya doshi tamanin, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya aiko da murya ya ce, "Ɗana, kai da yayarka duk kun ɓata. Ranar 1 ga Janairu, 1956, ba wannan tutar Azhari ya ɗaga ba." Gaskiyarsa. Tutar da firaminista Isma'il al-Azhari da jagoran 'yan adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga a Khartum, bayan an sauke ta Ingila da ta Masar, shuɗi ce a sama domin Kogin Nilu, rawaya a tsakiya domin hamada, kore a ƙasa domin noma. Babu jini a cikinta, babu yaƙi, ruwa ne da yashi da shuka. Ita ce matasa suka sake fito da ita a zanga-zangar 2018 da 2019, suna cewa ba ta ware Balarabe da wanda ba Balarabe ba. Kawu ya ce tun da ranar 'yanci muke tunawa, in nemo masa ita in saka. Na amsa da "To, Kawu, Allah ya ƙara lafiya," ina zaton aikin minti ɗaya ne.

Na bi tutocin wayar ɗaya bayan ɗaya, fiye da 250, ban same ta ba. Ta Gabon launukan ne daidai amma a kife, kore a sama, shuɗi a ƙasa. Ta Ruwanda jerin ya yi daidai, sai dai shuɗinta ya ci rabin tutar, ga kuma rana a kusurwa. Wani ɗan ƙanwata ya ba da shawarar mu ari ta Gabon tunda ba wanda zai lura, na ce kuskuren farko da rashin sani na yi shi, ba zan yi na biyu da gangan ba.

Dalilin rashinta na gano shi ne ba da nema ba. Ina da al'adar kwafe muhimman saƙonnin dangi in adana su a takardar Word a kwamfuta mai Windows, ranar da na liƙa gaisuwata kuwa sai tutocin suka ɓace, haruffa suka maye gurbinsu: PS, PS, PS. Ashe emojin tuta ba hoto ba ne da ke tafiya daga waya zuwa waya. Haruffa biyu ne na musamman, daga cikin 26 da ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffan kwamfuta da emoji, ta tanada tun 2010, waɗanda suke bin gajerun sunayen ƙasashe na tsarin duniya da ake kira ISO. In waya ta ga S da D a jere sai ta zana tutar Sudan, in ta ga S biyu sai ta zana ta Sudan ta Kudu, wadda ta samu nata haruffan bayan rabuwar 9 ga Yuli, 2011. Windows kuwa ba ta zana tutocin ƙasashe, haruffan take nunawa tsirara. Ke nan ƙasa ɗaya gurbi ɗaya gare ta, tutar da take aiki a yau ita ake zanawa a gurbin, tsohuwa ba ta da mazauni. A 2022 ma ƙungiyar ta sanar cewa ta daina karɓar buƙatun ƙara sababbin tutoci. Na yi wa Kawu bayani gwargwadon iyawata, sannan na jera masa ɗigo uku, shuɗi da rawaya da kore. Ya ce ba tuta ba ce, amma ya karɓa.

Daga nan ne maganar ta koma inda ban shirya mata ba. Ɗan'uwan namu na Kano, don ya rage mini kunya, ya rubuta sunana ya sa tutar Nijeriya a gefe, ya ce wannan dai ba zan ɓata ta ba, tunda kore da fari da kore ce kawai. Da kyakkyawar zuciya ya yi, na sani. Sai dai bai san cewa a watan Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Nil Azraƙ da aka kashe Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da kewayen Damazin, duk sa'ad da na rubuta ta'aziyya a Facebook sai wasu sun zo ƙarƙashi sun liƙa mini wannan tuta, ba tare da kalma ko ɗaya ba, kuma ba mai buƙatar a fassara masa abin da suke nufi. Hoto ɗaya, a hannun ɗan'uwa maraba ce, a hannun wani kuma kora.

Na kira shi a keɓe na gaya masa, na kuma ƙara da lissafin da shi kansa bai taɓa yi ba. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya biyo mutanen ɗan sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, har bakin kogi kusa da Sinnar. A lokacin ba a haɗe Nijeriya ba tukuna, sai 1914, tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana kuwa sai 1 ga Oktoba, 1960, aka ɗaga ta, shekara 57 bayan tafiyarsu. Kakata ta wajen uba ma 'yar Damagaram ce, in tuta za a bi sai a nemo ta Nijar. A ɗaya ɓangaren kuma, tutar Azhari ta tarar da mu muna noman dawa da riɗi a ƙasar nan kusan shekara hamsin, ta Numairi ta tarar da jikoki. Tutar da kakanninmu suka sani ita ce irin wadda Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, wannan kuwa ba ta da haruffa biyu a wurin kowa. Ina son Nijeriya, ina aika tutarta kowace ranar 1 ga Oktoba in taya su murna, amma a gefen sunana ta Sudan kaɗai nake sawa, ba kuma na ganin ya kamata wani ya zaɓa mini.

Yayata ce ta ƙara mini wani abin lura daga can Jidda. Ta ce ita ba ta saka tutar Saudiyya a saƙon raha ko na talla, domin kalmar shahada ce a jikinta ko da ido ba ya iya karanta ta a waya, kuma saboda wannan kalma ce ba a sauke tutar zuwa rabin sanda ko da sarki ne ya rasu. Tun daga ranar na daina sa ta a ƙarƙashin sakamakon ƙwallo.

Saƙon farko ban goge shi ba. Damar gyara a WhatsApp minti 15 ce, ta wuce tun sabis yana ɗauke, gogewa kuma zai bar amsoshin mutane suna reto babu abin da suke amsawa. Na rubuta a ƙarƙashinsa cewa kuskure ne daga gare ni, Allah ya yaye wa mutanen Gaza ya yaye mana, sannan na saka tamu. Yanzu ba na zaɓen tuta da ido daga layin waɗanda na saba dannawa. Sunan ƙasar nake rubutawa a wurin nema, in ta fito in duba alwatika kafin in danna, in kuma saƙon na taro ne sai in faɗi sunan ƙasar a cikin jimla, saboda dattawan da idonsu ya yi rauni da masu karantawa a kwamfuta.

Ranar 1 ga Janairu, 2025, na aika gaisuwar shekara 69 da tuta ɗaya mai jan sama da koriyar alwatika, a bayanta ɗigo uku, shuɗi da rawaya da kore. Yayata ta ce sai da ta sa tabarau ta tabbatar. Kawu bai amsa ba sai bayan kwana huɗu, da ya samu sabis, ya ce ɗigon sun yi daidai, amma shuɗin nasu na 1956 ya fi wannan duhu.