Satifiket na akanta a hannuna, leja ta gagare ni

Ɗan ƙanwata ya shiga kwaleji neman satifiket na akanta, zangonsa na farko ke nan. Na same shi da jinga a gabansa: an ba su cinikin wata guda na wani kamfanin misali, su shigar da shi leja, wato babban littafin asusu, su fitar da tirayal balans, wato jerin da ke nuna ko ɓangarorin lissafin biyu, debit da kiredit, sun yi daidai. Hoton takardar ya ɗauka da waya, waya ta zubo masa amsa, ya hau kwafa. Na ce, "Kai, me ya kai kuɗin haya ɓangaren debit?" Ya ce, "Kawu, ai haka ya fito." Gabana ya faɗi, don amsata ce ta da. Ni dai ba waya na riƙe ba, littafin wani abokin karatuna ne.

Lokacin da na yi nawa karatun, da rana ina wurin aiki, da yamma ina aji. Kwas na farko, ƙa'idojin akanta, raina shi na yi, ina ganin tarawa da ɗebewa ne kawai. Malam ya rubuta a allo cewa kadara daidai take da bashi haɗe da jari, kuma kowace harka ta kuɗi tana da fuska biyu, ɗaya a debit ɗaya a kiredit. Har ya ba mu labarin Luca Pacioli, wanda ya bayyana wannan tsari a littafinsa da aka buga a Banis ta Italiya a 1494, bayan 'yan kasuwar can sun daɗe suna aiki da shi. Na haddace debit hagu, kiredit dama, amma dalilin bai taɓa shiga kaina ba. Jinga kuwa, abokina ya yi, ni in kwafa a tsaye kafin malam ya shigo.

Ina da uzuri, kuma har yau ban ce na banza ba ne. Mutumin da ya wuni a tsaye, ya zo aji idonsa na rufewa, wane ƙarfi ya rage masa na zama da leja har tsakar dare? Malamin ma gudu yake yi, ba ya waiwayen na baya. Sai dai abokin da nake kwafa a wurinsa shi ma aiki yake yi da rana, ga iyali. Wannan shi ne abin da ba na son tunawa.

Abin da ban gane ba, kwasa-kwasan nan kowanne a kan na baya yake zaune. Zango na gaba sai ga gyare-gyaren ƙarshen wata: kuɗin da aka ci aikinsa ba a biya ba, kuɗin da aka biya tun kafin lokaci, raguwar darajar kayan aiki. Sai lissafin tsadar sarrafa kaya, haraji, dokar kasuwanci, binciken asusu. Duk na haye su da haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, har ina ɗora wa kaina kwas fiye da ƙima don in gama da wuri. Na gama kuwa, da maki mai kyau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarshen wata na farko a ofishin asusu, tirayal balans ɗina ya ƙi daidaita, bambancin 270. Na bi rasit ɗaya bayan ɗaya har aka fara kashe fitilu. Wata dattijuwa da ta daɗe a sashen ta leƙo, ta ce, "Ɗana, raba shi da tara." Ya rabu ba saura. Ta ce in nemi inda na juya lambobi. Ga shi kuwa, 630 na rubuta 360. Duk lokacin da aka musanya lambobi biyu, bambancin yana rabuwa da tara, kuma wannan na cikin babin da na kwafa da hannuna ban karanta ba.

Na biyun ya fi ciwo, don a nan lissafi ya daidaita tsaf. An sayi inji na 600,000 da aka ƙiyasta zai yi shekara biyar yana aiki. Kamata ya yi a rubuta shi kadara, a riƙa cire 120,000 duk shekara. Ni na zuba kuɗin gaba ɗaya cikin kashe-kashen shekarar, riba ta ragu da 480,000 a takarda fiye da yadda ya kamata. Tirayal balans ba ya kama irin wannan, debit da kiredit sun yi daidai, asusun ne ba nasa ba. Odita, mai binciken asusu, shi ne ya tono shi, ya tambaye ni dalili a gaban shugabana. Ba wanda ya duba aikina kafin ya kai can, wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a bar sabon ma'aikaci shi kaɗai da irin wannan shigarwa ba. Amma hannuna ne ya rubuta.

Ku masu shiga karatun akanta, na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga ba su kai haka ba. Kwas na farko ku yi shi da biro da takarda, ku zana asusun da kanku, ku yi kuskure, ku nemo shi. Ku ajiye wayar nan. Wallahi abin yana ba ni haushi, yaro ba zai iya zama minti talatin da lissafi ɗaya ba sai ya latsa waya, kuma a ce shi za a damƙa wa albashin mutane! To amma kada ku kuskura ku fito ba ku iya manhajar lissafi ta Excel ba, da ko manhajar akanta ɗaya irin QuickBooks ko Sage, don da wuya ku sami ofishin da zai ba ku leja ta takarda yanzu. Na san maganar ta yi karo da juna. Ku yi duka biyun.

Kada ku cika wa kanku kwas don sauri. Kada kuma ku ce za ku huta zango ɗaya, na ga waɗanda hutun ya zame musu sallama. Ku kuma daina kiran kanku akantoci tun ba ku daidaita littafin kuɗi da takardar banki ko sau ɗaya ba. Satifiket na kwaleji ƙofar ƙaramin aiki yake buɗewa, shigar da rasit, lissafin albashi, bin bashin abokan ciniki. Zama ƙwararren akanta sai an ci jarrabawar ƙungiyar ƙwararru, an kuma yi shekarun aiki. In kuna da niyyar wucewa digiri, ku je ofishin rajista tun yanzu ku tambaya waɗanne kwasa-kwasai za a lissafa muku a gaba, a ba ku a rubuce. Ni ban tambaya ba, sai da na maimaita kwas ɗin haraji daga farko.